Filin Tambaya da Amsa: Yadda Ake Auna Tanda a Amurka In Kayan Ginin Na Waje Ne

Jama'a barkanmu da wannan mako. Wasiƙun da suka taru a wannan karon duk hanya ɗaya suka bi, wato yadda gwamnatin tarayyar Amurka ke auna tandar 'yan kwangilar gini (tayin farashin da suke kaiwa don neman aiki) idan a cikin kayan aikin akwai na ƙasar waje. Na tsinci guda shida, wasu na ɗan rage musu tsawo saboda wuri.

TAMBAYA: Salam Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ina aiki ne da wani ƙaramin kamfanin gini a nan Amurka, ni ke haɗa musu lissafin tanda. Kwanaki mun shiga neman aikin gyaran wani ginin gwamnatin tarayya, wallahi da aka buɗe tanda mu ne mafi araha, ratar dala dubu 50 ce tsakaninmu da mai bi mana, har oga ya fara buga waya yana neman ma'aikata, sai kawai muka ji wai wancan aka ba. Da muka bi ba'asi aka ce wai tayil da tagogin da muka sa na waje ne don haka an ƙara mana kashi 20. To kashi 20 na me, mu da ba mu ƙara ko sisi ba? Ni dai murɗiya na ɗauke shi. Don Allah a warware min.
Daga wani mai karatu mazaunin Amurka

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da haƙuri, na san zafin abin, a ce har ka wasa wuƙa naman ya tashi ya gudu. Amma gaskiya ba murɗiya aka yi muku ba, kuma ba a ɓoye aka yi ba, abin yana nan rubuce cikin takardun da ogan naka ya sa wa hannu, can wajen shafukan baya da kowa ke tsallakewa yana saurin zuwa wurin farashi.

Asalin maganar wata tsohuwar doka ce da suke kira Buy American, wato a sayi na Amurka. Shugaba Herbert Hoover ne ya sa mata hannu ranar 3 ga Maris 1933, ana gobe zai bar kujera, lokacin tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, masana'antu a kulle, magidanta na yawon neman aiki babu. Sai majalisa ta ce to kuɗin gwamnati dai kada ya tafi raya masana'antar wata ƙasa. Dokar ta ce duk ginin gwamnatin tarayya da za a yi a cikin Amurka, sabo ne ko gyara, da kayan gida za a yi shi. Amma da yake sun san ba komai ake samu a gida ba sai suka bar ƙofofi: in babu kayan a ƙasar da yawa da ingancin da ake so, ko in shugaban ma'aikatar ya ga nacewa kan na gida ba zai yiwu ba ko zai cuci jama'a, ko kuma in na gidan ya yi tsadar da ta wuce hankali. Ta ƙofa ta ukun nan kuka shiga.

To ita "tsadar da ta wuce hankali" ba a bar wa jami'in kwangila ya auna ta da son ransa ba, lamba aka yanka mata a cikin kundin sayayyar gwamnati da ake kira FAR, sashe na 25. Kuma awo biyu ne, nan ne mutane ke rikicewa. Awon farko kan kayan ne su kansu, sai farashin na gida ya ɗara na waje da fiye da kashi 20 cikin ɗari kafin ma a yarda ka kawo na wajen. In tayil da tagoginku na dala dubu 300 ne, sai irinsu na Amurka sun haura dubu 360. Kuma farashin na wajen ba wanda ke kan rasit ɗin masana'anta kawai ba ne, har da kuɗin jirgi da na mota zuwa bakin wurin aiki, da kuɗin kwastan, ko da an yafe muku kwastan ɗin sai an sa shi a lissafi.

Awo na biyu shi ne ya kayar da ku. Ba ka faɗa min kuɗin kayan ba, amma bari mu ƙaddara. A ce abokin takararku ya sa dala 2,000,000 kuma kayansa duk na gida ne, ku kun sa 1,950,000 da kayan waje na dubu 300 a ciki. Jami'in zai ɗauki kashi 20 na kuɗin kayan wajen nan kaɗai, ba na duka kwangilar ba, wato dubu 60, ya ɗora kan farashinku, sai ku tashi a 2,010,000. Shi ke nan, ya wuce ku da dubu 10.

Wannan dubu 60 ɗin fa ba haraji ba ne, ba tara ba ce, ba mai biya ba mai karɓa. Dutse ne ake ɗora muku a sikeli lokacin awo, da an gama a sauke shi. Da kayan wajen naku na dubu 200 ne, dutsen dubu 40 zai zama, ku tashi a 1,990,000, kun ci ke nan, kuma 1,950,000 ɗinku za a biya ku cif ba ragi ba ƙari. Da na dubu 250 ne kuwa sai a yi kunnen doki a 2,000,000, a kunnen doki kuma ƙa'ida ta ce mai kayan gida ake ba.

Ina zargin ogan naka da tsohon lissafi yake aiki a ka. Tun 1954 zamanin Eisenhower kashi 6 ne kacal, ya fi shekara 60 a haka, har Trump ya ba da umarni a 2019 aka mai da shi 20, ya fara aiki a farkon 2021. Da kashi 6 ne da dubu 18 kawai za a ɗora muku, ku tashi a 1,968,000, da yanzu kuna can kuna aiki.

Gaba in za ku shiga wata tandar, ƙa'idar ta ba ku damar kai farashi biyu, ɗaya da kayan waje ɗaya da makamancinsu na gida. Ku riƙa yin haka ko da ya ci muku dare. Domin in jami'in ya duba ya ce hujjarku ba ta cika ba, a irin tandar da ake rufewa a ambulan a buɗe gaban kowa, watsi ake yi da tayin gaba ɗaya ba a ma auna shi, to mai farashi na biyu shi yana da abin da zai faɗa a kai. Hujjar kuma ba ta fatar baki ba ce, sai ka jera sunan kayan na gida da na waje, yawansu, ma'auninsu, farashin kowanne, lokacin da za a same su, sunan mai sayarwa da adireshinsa, da shaidar cewa ka zaga kasuwa ka tambaya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce ina karanta ƙiyasin gini. Abin da ya ɗaure min kai shi ne a zamanin nan wane kaya ne za a ce na ƙasa ɗaya ne? Injin tura ruwa ka ga motarsa daga nan wayarsa daga can murfinsa daga wani wuri sannan a haɗa a wata ƙasa daban. In kamfanin Amurka ne ya ƙera shi a Meziko fa? In kuma kamfanin Jamus ne ya ƙera a Texas?
Daga wata ɗaliba

AMSA: 'Yar'uwa kin taɓo inda lauyoyi ke cin abinci. Abu na farko, dokar ba ruwanta da fasfon mai kamfani. Na kamfanin Amurka da aka ƙera a Meziko kayan waje ne, na kamfanin Jamus da aka ƙera a Texas yana iya zama na gida. Inda aka yi kayan ake tambaya, ba wanda ya ci ribar ba.

Kayan da ba a sarrafa ba, irin yashi da tsakuwa, nasu mai sauƙi ne, in a ƙasar Amurka aka haƙo su na gida ne. Wanda aka sarrafa kuwa sharaɗi biyu ne: a ƙera shi a Amurka, sannan kuɗin sassan da ke cikinsa na Amurka ya haura wani kaso na kuɗin duka sassan. Wannan kason ne ke ta hawa kamar farashin kasuwa. Da can kashi 50 ne, ya koma 55 a 2021, bayan umarnin Biden ya koma 60 a Oktoban 2022, ya zama 65 daga 2024, kuma an tsara ya kai 75 a 2029. Wato injin naki in sassansa duka na dala 1,000 ne, sai na Amurka a ciki sun wuce 650. Ki lura da kyau, kuɗin sassa ake ƙirgawa, ladan ma'aikatan da suka zauna suka ɗaure injin a ƙarshe ba ya shiga, don haka mai kawo komai cikin kwantena ya ɗaura noti a Ohio ya manna tuta bai tsira ba. Sashen da aka rasa asalinsa kuma na waje ake ɗaukarsa, ba a yi masa kyakkyawan zato.

Ƙarfe shi nasa ya fi tsanani. Duk kayan da fiye da rabin kuɗin sassansa ƙarfe ne, kamar rodi da bim da bututun ƙarfe, dole ƙarfen waje a cikinsa ya gaza kashi 5. Akwai sassaucin da ake yi wa kayan da ake sayarwa kowa a kasuwa yadda suke ba tare da an canza musu komai ba, su in dai a Amurka aka ƙera su ba a bin diddigin sassansu, amma wannan sassaucin bai shafi kayan ƙarfe ba, in ban da ƙananan abubuwa irin su noti da ƙusa.

Wani abu da zai yi miki amfani a jarrabawa da ma wurin aiki: "kayan gini" a wurin dokar nan shi ne abin da ɗan kwangila ya kawo wurin aiki don ya zauna a jikin ginin. Injin kwaɓa siminti da kuren mai ɗaga kaya da sikafol ɗin da magina ke hawa, waɗanda za a kwashe in an gama ba sa ciki, ko daga duniyar wata aka kawo su. Kuma kowane kaya a yadda ya iso bakin aiki ake auna shi, wanda ya zo a haɗe abu ɗaya ne, wanda ya zo a warwatse kowane yanki da nasa hisabin. Sai dai na'urorin ceton rai, irin ƙararrawar gobara da fitilun gaggawa da lasifikar sanar da mutane su fita, su dunƙule ake ɗaukarsu a matsayin abu ɗaya ko da a mota goma suka zo.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa. Ni ɗan kasuwa ne na daɗe ina harkar shigo da kayan gini. Na ji ana cewa kayan China an hana su shiga aikin gwamnatin Amurka ƙwata-ƙwata amma na Japan da Turai suna wucewa salin alin, ashe wannan ba son kai ba ne? Kuma ni na taɓa gani a labarai wata ƙatuwar gada a California da ƙarfen China aka yi ta, to ina dokar take a lokacin?
Daga wani Alhaji ɗan kasuwa

AMSA: Alhaji ranka ya daɗe, Allah ya ƙara buɗi. Son kai kam akwai shi, ai dokar gaba ɗayanta son kai ce da aka rubuta a takarda, amma ba yadda aka ba ka labari ba.

Akwai wata yarjejeniya ƙarƙashin ƙungiyar ciniki ta duniya WTO, ana ce mata GPA, inda ƙasashe suka ce ka buɗe min tandar gwamnatinka in buɗe maka tawa. Tarayyar Turai na ciki, da Ingila, da Japan, da Kanada, da Koriya ta Kudu. Amurka ta yi dokar da ta ba wannan hanya tun 1979. To in kwangilar gini ta kai wani adadi, wanda a 2024 ya kama wajen dala miliyan 6.7 kuma duk shekara biyu ake sabunta shi, kayan waɗannan ƙasashe kamar na gida ake ɗaukarsu, ba a ɗora musu dutsen kashi 20. Haka ma ƙasashen da ke da yarjejeniyar ciniki da Amurka, kowace da nata adadin. Ka ga abin mamaki ke nan, babban aiki ya fi ƙarami buɗewa ga kayan waje. Tayil ɗin Italiya a aikin dala miliyan 2 baƙo ne, a aikin miliyan 20 ɗan gida ne. Har ma akwai jerin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da aka ba wannan gata kyauta, Nijar da Chadi da Mali suna ciki, Najeriya ba ta ciki.

China ta nemi shiga GPA tun 2007 har yau ba ta shiga ba, shi ya sa kayanta ba su da wannan gatan. Amma a dokar nan ta kayan gini ba haramta su aka yi ba, ta ƙofofin nan dai da na lissafa wa mai tambaya ta farko za su bi, ko aikin babba ne ko ƙarami. Abin da ke ƙara toshe musu hanya shi ne kwastan. Tun 2018 aka ɗora wa ƙarfen waje harajin kashi 25, daga baya ma aka ƙara, kuma tunda da kwastan ake lissafa farashin kayan waje, kai da kake harkar ka san sauran, ratar da ke tsakaninsa da na gida sai ta tsuke har ta kasa kai kashi 20 ɗin.

Gadar da ka gani ita ce ta tsakanin San Francisco da Oakland, sabon ɓangarenta na gabas da aka buɗe a Satumban 2013, kuma gaskiya ne a Shanghai aka ƙera manyan sassan ƙarfenta. Sirrin shi ne aikin jihar California ne ba na tarayya ba. Buy American abin da tarayya ta saya da kanta take kamawa. Akwai 'yar'uwarta mai suna Buy America, harafi ɗaya ya raba su, ita ce ke bin kuɗin tarayya in an ba jihohi su yi titi ko gada. California sai ta ƙi sa kuɗin tarayya a wannan ɓangaren, ta yi da nata da na kuɗin fiton gada, sai dokar ta rasa inda za ta kama. An sha surutu sosai a kai. A 2021 aka yi sabuwar doka da ta faɗaɗa sharaɗin kayan gida zuwa kusan duk manyan ayyukan da tarayya ke ba da tallafinsu, ruwa ne, lantarki ne, intanet ne.

TAMBAYA: Malam don Allah a ɓoye sunana. Mu ƙananan 'yan kwangila ne a ƙarƙashin wani babban kamfani, aikin famfo aka ba mu a ginin tarayya. Bututun da takarda ta ce na gida, an ce sai nan da wata biyar, ga na waje iri ɗaya sak yana jibge a sito kuma ya fi araha, kuma fa cikin bango za a binne shi a shafe da filasta wa zai gani? Babban kamfani na ta matsa mana kan lokaci.
Daga wani matashi

AMSA: Ƙanena na ɓoye sunanka, amma bututun ba zai ɓoyu ba. Ka tambaya wa zai gani, to wanda ya sauke shi daga mota ya gani, mai sito ya rubuta, tambarin ƙasar da aka yi shi na jikinsa, rasit na fayil. Kuma a Amurka akwai dokar da ke hukunta wanda ya karɓi kuɗin gwamnati da ƙarya, tun 1863 take, tana sa a biya ninki uku na asarar, sannan wanda ya tona asirin ana ba shi tsakanin kashi 15 zuwa 30 na abin da aka ƙwato. Wato yaron da ka yi wa tsawa jiya a wurin aiki yana da riba in ya buɗe baki.

In aka gano, jami'in kwangila na iya cewa a fasa bangon a cire a sa na gida, da kuɗinku. In cirewar za ta ɓata aikin yana iya bari a rubuce, amma barin ba yafiya ba ne, ana iya zaftare kuɗin kwangilar, ko a ƙwace aikin, ko a kai sunanku wurin masu dakatar da kamfani. Ita dokar 1933 ɗin ma da kanta ta tanadi hana ɗan kwangila aikin ginin gwamnati har shekara uku. Kasancewarku ƙanana a ƙarƙashin wani bai fitar da ku ba, dokar ta ambaci abin da ƙaramin ɗan kwangila ya kawo, kuma ka san babban kamfani in wuta ta tashi kanku zai juyo da ita.

Hanyar tana nan a buɗe. Ku rubuta wa babban kamfanin yau, shi ya nemi izini wurin jami'in kwangila kafin a sa ko guda ɗaya. Ana ba da izini bayan an riga an ba da aiki, sai dai dole ku bayyana dalilin da ya sa ba ku nema tun kafin tanda ba, ko me ya sa ba wanda zai iya hango matsalar a lokacin. In masana'antar ce ta canza muku lokaci bayan kun sa hannu, ku haɗa wasiƙunta da na sauran da kuka tambaya suka ce babu. In kuwa tun farko kun sani kuka yi shiru, jami'in ba dole ne ya saurare ku ba. Kuma kada ka sa rai da arahar nan, in an yarda sai an zauna an rage wani abu daga kuɗin kwangilar, gwamnati ba ta barin ɗan kwangila ya karɓi kuɗin na gida ya sa na waje ya soke canjin a aljihu.

TAMBAYA: Malam ni dattijo ne na yi aikin akanta shekaru da dama kafin na yi ritaya. A iya sanina amfanin tanda shi ne a samu mai araha. In gwamnati ta ga mai araha ta tsallake shi ta ba mai tsada da gangan, ba almubazzaranci da kuɗin talakawa ba ne aka sa masa rigar kishin ƙasa?
Daga wani dattijo mai ritaya

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Rabin maganarka ba ni da abin cewa a kai. A misalin da na bayar a sama gwamnati ta biya ƙarin dala dubu 50 ido buɗe, kuma daga aljihun mai biyan haraji ta fito. Akwai ma asarar da ba ta fitowa a takarda, don mai masana'antar gida in ya san an yi masa katangar kashi 20 ba abin da zai hana shi ɗaga farashi ya tsaya dab da katangar. Ga wahalar takardu, babban kamfani na da ma'aikacin da aikinsa ke nan bin asalin kowane noti, ƙarami kuwa shi ne oga shi ne akawu shi ne direba. Ni kashi 75 ɗin nan na 2029 ma ina ganin ƙananan zai fi ci.

Masu kare dokar kuma za su ce maka kuɗin da aka biya masana'antar gida yana dawowa ta albashi da haraji, wanda ya haye teku kuwa ya tafi ke nan. Kuma wanda ya ga yadda kaya suka maƙale a tashoshin jiragen ruwa lokacin korona, ko jirgin nan da ya toshe mashigin Suez kwana shida a Maris 2021, ya san araha a takarda daban, kaya a bakin aiki daban.

Ba Amurka kaɗai ke yi ba. Bankin Duniya ma, da ya fi kowa wa'azin buɗe kasuwa, ya yarda ƙasar da ta ci bashinsa ta ba kayan da aka ƙera a gida fifikon kashi 15, 'yan kwangilar gida kuma kashi 7.5 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Abin da ya kamata akanta irinka ya duba shi ne a kan me ake ɗora dutsen. A dokar farfaɗo da tattalin arziki ta 2009 zamanin Obama, in ka sa ƙerarren kayan waje don na gida ya yi tsada, kashi 25 na duka farashin kwangilar ake ɗora maka a lokacin. A misalinmu dala 487,500 ke nan maimakon dubu 60, wannan kam ba awo ba ne, rufe ƙofa ne da ladabi. Ni dai in an ce in zaɓa, na fi son fifikon da aka rubuta lambarsa tun kafin a buɗe ambulan, kowa ya iya ɗaukar kalkuleta ya gane inda ya tsaya, a kan wanda jami'i zai yanke a ofis bayan ya ga sunayen masu nema. Amma ko kashi 20 ya yi yawa ko bai yi ba, Baba wannan muna iya kwana muna ja.

TAMBAYA: Malam a taƙaice, in mutum ya tabbata jami'in ya yi kuskure a lissafin nan, misali ya ɗora kashi 20 kan duka kwangilar maimakon kan kayan, ina zai kai kuka?
Daga wata mai karatu

AMSA: Hajiya wuri uku ne: ita ma'aikatar da ta ba da aikin, ko ofishin GAO mai binciken kuɗin gwamnati, ko kotun tarayya mai sauraron ƙarar kuɗi a kan gwamnati. Yawanci GAO ake zuwa don ya fi sauƙin kuɗi kuma cikin kwana 100 yake yanke hukunci. Amma ki kula da agogo, kwana 10 ne gare ki daga ranar da kika san dalilin ƙorafin, in ya wuce ko kina da gaskiya ba za a duba ba. In kuma matsalar a cikin takardar tandar take tun asali, misali an sa sharaɗin da bai dace da girman aikin ba, to kafin a rufe karɓar tanda za ki yi magana, ba bayan kin faɗi ba. Sannan tun 2025 ake yi wa kundin FAR garambawul, don haka lambar da ke cikin takardar tandar da ke hannunki ita za ki sa a kalkuleta.